Tarihin Zaman Hausawa A Ikko: Baƙuntar Da Ta Haura Shekara 160

  Yau so nake mu ɗan waiwaya baya, mu dubi yadda aka yi Bahaushe ya baro ƙasar gero da dawa ya zo ya zauna a wannan birni na bakin teku, wato Ikko, ko Legas kamar yadda aka fi kiranta yanzu. Ni dai ɗan mai goro ne, a Agege aka haife ni, a nan na yi makarantar allo, a nan na gama sakandare. Abin da zan kawo na tsinto shi ne daga bakin dattawan zango, da kuma ɗan karance-karancen da Allah Ya nufe ni da yi.

Abin da ya sa na ɗauki wannan batu shi ne wata magana da ba ta barin bakinmu: "Ai nema muka zo, gida za mu koma." Ɗan acaban da ya sauka daga tirela jiya haka zai ce maka. Dattijon da ya shekara 50 yana sayar da goro a nan shi ma haka zai ce, har ma wanda a nan aka binne kakansa. To, tun yaushe ne muke wannan nema? Idan mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni, zai ga baƙuntar tamu ta girmi Nijeriya kanta, wadda sai a 1914 aka haɗa Kudu da Arewa aka yi ta.

WAƊANDA SUKA ZO BA DA SON RANSU BA

Gaskiya ɗaci gare ta, amma dole a faɗe ta. Hausawan farko da suka ga tekun Ikko da yawa, a ɗaure suka zo. A ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 yaƙe-yaƙe sun yi yawa a ƙasar Hausa da Barno da Nufe, wanda aka kama kuwa sai a sayar da shi, hannu ya miƙa wa hannu, har ya kai ƙasar Yarabawa. A daular Oyo akwai bayi Hausawa masu yawan gaske, suna wanzanci, suna tufkar igiya, suna kiwon dawaki da shanu. Su ne ma suka zama babban ƙarfin tawayen da Afonja ya yi wa Alafin na Oyo daga Ilori wajen shekarar 1817.

Waɗanda aka ƙara turawa gaba, a Ikko ake loda su cikin jiragen ruwa, domin a wancan zamani tana cikin manyan tashoshin cinikin bayi na wannan yanki. Galibi Bahiya ta ƙasar Barazil ake kai su. Tarihin can ya rubuta cewa a 1807 an bankaɗo shirin tawaye na bayi Hausawa, sannan a watan azumi na 1835 bayi Musulmi suka yi babban bore a birnin Salbado, yawancinsu Yarabawa, tare da wasu Hausawa. Bayan haka wasu daga cikin 'yantattun bayin Barazil suka dawo suka zauna a Ikko, su ne ake kira Aguda. Ka ga ke nan tun kafin a kafa zango, gumin Bahaushe da hawayensa sun riga sun zuba a wannan gaɓa.

A watan Disamba na 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko suka mayar da Akitoye kan gado. Shekara goma bayan haka, a 1861, Sarki Dosunmu ya sa hannu garin ya koma ƙarƙashin Ingila. Daga nan sai Ikko ta zama wurin gudun tsira. Bawan da ya kuɓuce wa ubangijinsa a Abekuta ko Ijebu ko Badun, in dai ya iso nan, ya samu hanyar 'yanci.

SOJAN GLOVER

A cikin irin waɗannan mutane ne wani hafsan sojan ruwan Ingila mai suna John Glover ya ɗebi dakarunsa. Shi Glover ya san Arewa tun kafin ya zama mai mulkin Ikko, don yana cikin jirgin ruwan da ya yi hatsari a kogin Kwara kusa da Jebba a 1857. A 1863 ya tara 'yantattun bayi ya ba su bindiga da kaki, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Rundunar sojan Nijeriya ta yau daga wannan 'yar ƙungiya take ƙirga asalinta, kuma a nata lissafin da mutum 18 aka fara. Ba dukkansu ne Hausawan jini ba, akwai Nufawa da Barebari da sauran ƙabilu, amma Hausa ce ta haɗa su, shi ya sa ta daɗe tana zama harshen bariki.

Wannan tarihi yana da fuska biyu, bai kamata mu ɗauki ɗaya mu bar ɗaya ba. Kaki ya ba waɗannan bayin Allah 'yanci da albashi, amma kuma da su Bature ya yi yaƙe-yaƙensa. Da su Glover ya tafi yaƙin Ashanti a 1873 zuwa 1874, da su aka ci Ijebu a 1892. Saboda haka tun farko mutanen ƙasa suka riƙa yi wa Bahaushe kallon ɗan sandan mai mulki, kuma irin wannan kallo ba ya gogewa da wuri.

Da yawa daga cikin sojojin nan da suka bar aiki ba su koma Arewa ba. Ina za su koma, alhali tun suna yara aka raba su da garuruwansu? Sai suka auri matan gari suka hayayyafa. Unguwar Obalende tana cikin wuraren da aka san su da zama, kuma abin da mutanen gari ke faɗa shi ne sunan yana nufin wurin da sarki ya koro mutane, saboda taso su aka yi daga inda suke aka kawo su nan. Duk wanda ya ci tsiren Obalende da daddare ya sani cewa a kan tsohon sawu yake tsaye. Wasu abokan aikinsu kuma a Gwalkwas suka yi zamansu, wato Gana ta yau, suna cikin waɗanda suka fara raya zangunan bakin tekun can.

GORO, TEKU DA JIRGIN ƘASA

Waɗanda suka zo da ƙafarsu kuwa, goro ne ya kawo su. Shekaru aru-aru fatakenmu, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suna tafiya Gwanja da jakuna, su kai kanwa da tufafi da fatu su sayo goro a kasuwar Salaga. Tafiya ce ta watanni, madugu na gaba ayari na biye, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a kowane kogi. Masana da dama na danganta sunan nan "Gambari" da Yarabawa ke kiranmu da shi da su Kambarin nan. Su kuma goron da muke ci mai ɓari biyu, har yau "gbanja" Bayarabe yake ce masa, wato na Gwanja, don ya bambanta shi da nasu na gargajiya mai ɓari uku ko huɗu da suke kira "abata".

To, da Turawa suka ƙone Kumasi a 1874, ƙarfin Ashanti ya karye, sai hanyar goro ta soma karkata zuwa bakin teku. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙara kashe tsohuwar kasuwa. Masu dabara cikin fatake suka gane cewa in an loda goro a jirgin ruwa daga Akara ko Sekondi, cikin 'yan kwanaki ya iso Ikko. Fitacce a cikin waɗanda suka yi wannan fatauci shi ne Alhasan Ɗantata, mutumin Bebeji, wanda mahaifiyarsa ta zauna a Akara. Da goron teku ya fara tara jari kafin ya shiga gyaɗa, har ya zama attajirin da babu kamarsa a Afirka ta Yamma lokacin da ya rasu a 1955.

Sai kuma ga jirgin ƙasa. A 1901 dogo ya haɗa Ikko da Badun, a 1911 ya isa Kano, a 1912 aka buɗe shi ga jama'a. Tafiyar da ake yi wata da watanni ta koma ta 'yan kwanaki. Tashar Iddo ta zama ƙofar da ɗan Arewa ke shigowa Ikko ta cikinta, da buzunsa da butarsa da 'yar jakar guzuri. Ana cikin haka manoman ƙasar Yarabawa suka ga ai goron Gwanja yana yi a ƙasarsu, sai suka dasa shi a Agege da Ota da Ifo da Shagamu. Da goro ya zo kusa, sai masu sayensa suka biyo shi. Asalin zangon Agege ke nan: ga gonakin goro, ga tashar jirgi, ga Bahaushe a tsakani. Haka aka yi a Badun, inda aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a 1916.

Kakana a irin wannan jirgi ya zo daga ƙasar Kano, 'yan shekaru kafin a samu mulkin kai. Yaron wani mai goro ne, aikinsa tsince wanda sankara ta taɓa, da jera ganye a kwando, da ɗaure huhu. A hannunsa mahaifina ya koyi bambanta goriya da marsa da minu, da yadda ake adana daushe ya shekara bai lalace ba. Mu ma tun muna ƙanana muka san ƙwarya ɗaya goro 100 ce, tun ba mu iya lissafin boko ba.

MAIGIDA SHI NE GINSHIƘI

Ya ɗan uwa mai karatu, ka taɓa tambayar kanka yadda mutumin da ba ya jin Yarabanci, ba ya jin Turanci, bai san kowa ba, zai sauka a gari irin wannan da shanu 30 ko buhunan kaya, ya sayar, ya karɓi kuɗinsa cif, ya koma gida lafiya? Amsar ita ce maigida.

Maigida a zango ba mai ɗaki da mata kawai ake nufi ba. Shi ne mai masauki. Baƙo zai sauka a gidansa, a ba shi wurin kwana da tuwo, a ajiye masa kuɗinsa. Maigida yana da dillalai da yara da suka san kasuwa. In shanu ne, mahautan gari ba su cika biya nan take ba, bashi suke ɗauka sai sun yanka sun sayar, maigida ne ke tsayawa a tsakani. Ya san mahaucin da ke biya da wanda ke da taurin bashi, in kuwa kuɗi suka maƙale, shi zai biya baƙonsa daga aljihunsa don kada sunansa ya ɓaci. Abin da yake samu shi ne la'ada da kuma mutunci. In goro ne, matan Yarabawa ke shiga ƙauyuka su sayo daga manoma, su kawo zango, maigida ya saya wa attajirin da ke zaune a Kano ko Sakkwato wanda watakila sau ɗaya yake zuwa a shekara. Ba takarda, ba lauya, ba banki. Amana ce kawai, da tsoron kada a ce wane ya ci dukiyar baƙo, don in labari ya kai Arewa, kasuwarsa ta mutu ke nan.

Wani Bature masanin zaman jama'a mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Badun yana nazarin wannan tsari, ya fitar da littafi a kansa a 1969. Abin da ya gano shi ne, riƙe harshe da sutura da addini da Hausawan kurmi suka yi, har da zama a unguwa guda ƙarƙashin Sarkin Hausawa, shi ne ya ba su damar riƙe cinikin goro da shanu tsawon zamani. Wato zaman zango kansa jari ne. Ga masallaci, ga makarantar allo, ga mai tuwo, ga wanzami, ga sarkin da zai raba rigima kafin ta kai ga 'yan sanda, in mutum ya rasu ga masu yi masa sutura. Baƙo yana sauka sai ya ji kamar bai bar gida ba.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Katangar da ta kare mu ita ce kuma ta raba mu da gari. Mutum sai ya shekara 30 a Ikko bai iya gaisuwa da Yarabanci ba, bai san sunan kansilan mazaɓarsa ba, bai taɓa shiga taron masu unguwa ba.

ZAMANIN MULKI DA ZAMANIN FARI

Daga 1914 har zuwa ranar 12 ga Disamba 1991 da aka koma Abuja, Ikko ce hedikwatar ƙasa. Wannan ya kawo wani sabon rukuni na 'yan Arewa: 'yan majalisa, ma'aikatan gwamnati, sojoji, 'yan sanda, ma'aikatan kwastan. Su a Ikoyi da bariki suka zauna, ba a zango ba, amma abin da ya same su yakan shafe mu. A 1953, da wakilan Arewa suka ƙi goyon bayan ƙudurin Anthony Enahoro na neman mulkin kai a 1956, jama'ar gari suka yi musu ihu a titi, abin da ya kai ga rikicin Kano na watan Mayun wannan shekara. A nan aka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa daga gidansa a watan Janairun 1966. A nan aka harbe Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairu 1976. Yau babban filin taro na tsibiri sunan Tafawa Ɓalewa yake ɗauke da shi, filin jirgin sama na Ikeja kuma sunan Murtala.

Talakawa kuwa, yunwa da neman rufin asiri ne suka riƙa koro su. Farin da aka yi a 1973 da na 1984 ya kashe dabbobi ya ƙone gonaki, mutane suka kwararo daga Arewa da Jamhuriyar Nijar, har da Buzaye da suka shahara da aikin gadi. Da kwalta ta inganta, tirela ta karɓe aikin jirgin ƙasa. Shanu daga Potiskum da Maigatari da Mubi suka riƙa sauka a mayankar Oko-Oba, tumatir daga Kadawa da Ɗanja, albasa daga Aliero, duk suna sauka a kasuwar Mil 12. Cin rani, wanda da ake yi daga girbi zuwa faɗuwar ruwa, ya koma zaman shekara da shekaru. Ga mai shayi, ga mai tsire, ga mai ruwa, ga mai gyaran takalmi, ga ɗan canji, ga direban tanka a Apapa, ga ɗan gwangwan, daga baya kuma ga ɗan acaba. Rikicin Boko Haram da na 'yan bindigar daji sun ƙaro wasu dubbai da ba su da gonar da za su koma wa.

A cikin masu zuwa neman nan akwai wanda Allah Ya ɗaga. Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnen Alhasan Ɗantata ta wajen uwa, ya zo Ikko a 1977 yana saurayi yana cinikin kayan masarufi da siminti. A watan Mayun 2023 aka buɗe matatar mansa a Lekki. Ka duba ikon Allah: a gaɓar da kakan mahaifiyarsa, wato mahaifin mahaifinta, ya riƙa sauke huhunan goro, a nan jikan jikokin fatake ya kafa ma'aikatar da duniya ke magana a kanta. Amma kada wannan ya ruɗe mu, don a bayan kowane attajiri guda akwai dubban masu kwana a rumfa da ƙarƙashin gada.

RANAKUN BAƘIN CIKI

Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu iya magana. Mafi yawan shekarun zamanmu da Yarabawa lafiya aka yi su: an yi ciniki, an yi auratayya, an yi sallar Idi a fili ɗaya. Amma akwai ranakun da ba a mantawa. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, tsoro ya sa 'yan Arewa da 'yan Gabas da yawa suka kwashe iyali suka bar gari. A watan Yulin 1999 aka yi rikicin Shagamu a lokacin bikin Oro, aka kai gawawwaki Kano, can ma aka far wa Yarabawan da ba su ji ba ba su gani ba. A watan Nuwamban wannan shekara aka yi na Ketu da Mil 12 a kan shugabancin kasuwa. A watan Fabrairun 2002 aka yi na Idi-Araba, kwanaki kaɗan bayan fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja, aka yi asarar rayuka da gidaje masu yawa. Waɗannan a bakin iyaye na ji su. Wanda na yi wayo na gani shi ne na Mil 12 a watan Maris na 2016, wanda ya sa gwamnati ta rufe kasuwar kusan mako biyu.

In ka bi waɗannan rigingimu ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar ƙaramin abu ne ke tayar da su, gardamar mutum biyu a kasuwa ko a bakin titi. Abin da ke hura su shi ne rashin sanin juna, da siyasa, da zauna-gari-banzan kowane ɓangare. Wanda ke biyan kuɗin kuwa shi ne talaka mai tebur, namu a nan, nasu a can Sabon Gari. A watan Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta tsayar da lodi zuwa Kudu na 'yan kwanaki. Tumatir ya yi tsada a Ikko, a Arewa kuma ya ruɓe a hannun manoma. Kowa ya ji a jikinsa, kowa ya gane cewa hanta da jini ba sa rabuwa.

Sannan akwai wahalar da ba ta zubar da jini amma tana karya mutum. Dokar hana acaba a manyan sassan gari, wadda aka sa a watan Fabrairun 2020 aka kuma ƙarfafa a watan Yunin 2022, ta raba dubban matasanmu da abin yi. Gwamnati tana da hujjarta ta hatsari da tsaro. Amma abin tambaya shi ne, lokacin da ake yanke shawarar, wa ya zauna a teburin da sunanmu?

TO, INA MUKA DOSA?

A nan ne maganar "gida za mu koma" take cutar da mu. Saboda za a koma gida, mutum zai gina katafaren gida a ƙauyensu wanda ɓeraye ke kwana a ciki, shi kuma yana haya a ɗaki guda da 'ya'ya bakwai. Saboda za a koma gida, ba a damu da takardar fili ba, ba a damu da rajistar rumfa ba, ranar da katafila ta zo sai a tsaya ana salati. Saboda za a koma gida, ana yankar katin zaɓe a can, ranar zaɓe a cika motoci a tafi, a bar kansila da shugaban ƙaramar hukumar da ke iko da kasuwarmu ba su da abin da suke nema a hannunmu. Saboda za a koma gida, ana cire yaro daga makaranta a aji uku a ba shi tebur.

Mu da aka haifa a nan mun fi kowa sanin zafin abin. A titi "aboki" ake kiranmu, kalmarmu mai daɗi an mayar da ita ta raini. In mun je Arewa kuma a ce ga 'yan kurmi sun zo, a yi ta dariyar Hausarmu. Lokacin da na nemi takardar shaidar asali, sai da na yi tafiyar kwana da wuni zuwa garin da sau uku kacal na taɓa taka shi, na nemo dattijon da ya san kakana ya tsaya mini, alhali asibitin da aka haife ni da ƙafa nake zuwa daga gidanmu.

Mu tuna abin da ya samu 'yan uwanmu a Gana. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice. Yarabawa da Hausawa da yawa, har da waɗanda a can aka haife su, suka bar gidaje da rumfuna suka fito da abin da hannu zai iya ɗauka. Su a wata ƙasa suke. Mu kuwa a ƙasarmu muke. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a cikinta, sashe na 43 kuma ya ba shi 'yancin mallakar fili da gida a ko'ina. Amma 'yancin da ke cikin littafi ba ya aiki sai mai shi ya san da shi, ya kuma riƙe takardarsa a hannu.

Ba cewa nake mu manta da asali ba, Allah Ya kiyaye. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A riƙa kai yara suna ganin dangi, a riƙa yi musu Hausa a cikin gida, a riƙe karatun addini. Ba kuma cewa nake mu yi jayayya da masu gari a kan sarautarsu da al'adunsu ba, ƙasar kakanninsu ce, girmama su wajibi ne, kamar yadda muke so baƙo ya girmama namu a Kano da Katsina. Abin da nake roƙo shi ne mu zauna zaman wanda ya san yana nan. Mu koyi harshen maƙwabta. Mu shiga taron unguwa, mu biya kuɗin shara da na gadi tare da kowa. Mu yanki katin zaɓe a inda muke kwana. Wanda Allah Ya hore wa ya sayi fili da takarda sahihiya, ya gina makaranta kafin ya ƙara mota. Mu bar yara, maza da mata, su yi karatu mai zurfi, don zango yana bukatar lauyansa da likitansa da ɗan jaridarsa. Iyayenmu sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa kuma, don Allah a farfaɗo da aikin maigida, a san wanda ya sauka da wanda ya tashi, kada a bar yaro ɗan shekara 15 ya sauko daga tirela ba mai karɓarsa sai titi.

Waɗanda suka riga mu sun zo a ɗaure, sun zo cikin kaki, sun zo da huhun goro a ka, kuma da amana kawai suka gina zangunan da muke taƙama da su. Abin da ya rage namu ne. Allah Ya jiƙan magabatanmu da ke kwance a maƙabartar Agege da sauran maƙabartun kurmi, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a nemanmu. Wanda yake da dattijo a gida, ya zauna da shi ya tambaye shi yadda ya zo da wanda ya sauke shi, ya rubuta ya ajiye tun ana tare.